Ƙoshin mai bincike da kunyar mai amsa: sharhi a kan littafin Olivier de Sardan

Cikin shekarar 2008 ne maɗaba'ar Academia-Bruylant ta birnin Louvain-la-Neuve, a ƙasar Beljiyam, ta fitar da littafin Jean-Pierre Olivier de Sardan mai suna La rigueur du qualitatif. In aka mayar da sunan cikin Hausa sai a ce: tsantseni cikin binciken zurfafawa. Abin nufi da binciken zurfafawa shi ne irin binciken da ake yi ta hanyar zama da mutane, da sauraron maganarsu, da lura da ayyukansu, domin a gane ma'anar da su da kansu suke bai wa al'amuransu. Takwaransa shi ne binciken ƙidaya, wanda ke rarraba takardar tambayoyi iri ɗaya ga mutane masu yawa, sa'an nan ya tattara amsoshin ya mayar da su alƙaluma. An fassara littafin cikin Ingilishi a 2015, kuma yawancin babobinsa sun fara fitowa ne a matsayin maƙaloli cikin mujallun Faransa tun daga 1995.

Mawallafin ba baƙo ba ne a Nijar. An haife shi a 1941, ya fara aikin bincike cikin shekarun 1960 wajen Wogo mazauna tsibiran kogin Kwara, ya koyi Zabarmanci har ya iya aiki da shi ba tafinta. A 1976 ya buga Quand nos pères étaient captifs, inda ya tattara labaran manoma game da zamanin bauta, a 1982 kuma ya fitar da Concepts et conceptions songhay-zarma, wanda aka jera shi kamar ƙamus, kowace kalma tare da bayanin da masu harshen suka yi mata. Yana cikin waɗanda suka kafa cibiyar bincike ta LASDEL a Yamai a 2001. Saboda haka wannan littafi na dabarun bincike, ko da yake an rubuta shi don masanan zaman jama'a na ko'ina, tushensa yana nan cikin ƙasar nan, kuma ya kamata masu nazarin harshe da masu tsara aikin yaƙi da jahilci su auna shi da ma'aunin abin da suka sani.

Littafin amsa ne ga wani zargi daɗaɗɗe. Masu binciken ƙidaya sun daɗe suna cewa wanda ya tafi ƙauye ya zauna wata shida yana hira da tsofaffi, ya komo ya rubuta littafi, ba ilimi ya kawo ba, labari ya kawo, tun da babu mai iya bin sawunsa ya tabbatar da abin da ya ce. Wasu kuma, musamman a Amurka cikin shekarun 1980, suka karɓi zargin da hannu biyu, suka ce lalle rubutun mai bincike adabi ne kawai, gaskiyar wani ba ta fi ta wani ba. Olivier de Sardan ya ƙi ɓangarorin biyu. Ya amince cewa binciken zurfafawa ba ya iya ba da tabbaci irin na ɗakin gwaje-gwaje, iyakarsa ya kawo abin da hankali zai kwanta da shi, kuma a nan yana bin sawun Jean-Claude Passeron. Amma ya tsaya a kan cewa akwai bambanci tsakanin bincike mai kyau da maras kyau, kuma ana iya nuna bambancin. Akwai wani alkawari, in ji shi, tsakanin mai bincike da mai karatu: abin da aka ba da labarinsa ya faru, maganar da aka kawo an faɗe ta. Duk sauran littafin bayani ne na yadda ake cika wannan alkawari.

Cikin hanyoyin samun bayani da ya lissafa akwai waɗannan huɗu: zama cikin mutane ana lura, hira, ƙirge-ƙirge na abin da ke ƙirguwa kamar gonaki da gidaje da dangantaka, da kuma rubutattun takardu. Ta farko tsohuwa ce, tun littafin Malinowski na 1922 ake koyar da ita, sai dai mawallafin ya ƙara mata wani bayani mai amfani, cewa zaman yana haifar da abu biyu. Akwai abin da ke shiga kundin mai bincike da alƙalami, akwai kuma abin da ke shiga jikinsa ba tare da ya rubuta ba, watau sabo, wanda shi ke sa daga baya ya gane abin da ake nufi da wata magana ko wani shiru. Ta uku da ta huɗu bai daɗe a kansu ba, sai dai sanya ƙirge cikin jerin ya isa ya nuna cewa binciken zurfafawa ba gaba yake yi da alƙaluma ba.

Hira ce ta fi cin shafuka, kuma ta cancanta. Mawallafin ya raba ta gida biyu. Wani lokaci ana tambayar mutum ne a matsayin masani, ya faɗi yadda ake yin abu a garinsu. Wani lokaci kuma ana tambayarsa labarin kansa, abin da ya same shi. Duk wanda ya taɓa tambayar dattijo yadda ake rabon gado, sa'an nan ya tambaye shi yadda aka raba gonar mahaifinsa, ya san amsoshin biyu ba safai suke haɗuwa ba, kuma kowacce gaskiya ce a muhallinta. Ya kuma ba da shawara a jawo hira kusa da taɗi na yau da kullum, a nisanta ta daga tuhuma, mai bincike ya riƙe kawunan batutuwa a zuciyarsa maimakon jerin tambayoyi da zai karanta ɗaya bayan ɗaya, ya bar amsa ta haifi tambaya ta gaba. Ya tunatar cewa kowace hira ciniki ce a ɓoye: mai tambaya yana da abin da yake nema, mai amsa ma yana da nasa, ko rijiya ce yake fatan a gina wa garin, ko kuwa so yake baƙon ya tashi ya ba shi wuri.

Domin kauce wa ruɗi, littafin ya kafa sharuɗɗa, kuma biyu daga ciki su ne ginshiƙai. Na farko shi ne kada a dogara da baki ɗaya. Tukunya ba ta zama a kan dutse guda, sai murhu ya cika duwatsunsa uku. Haka labari ba ya zama sai an ji shi daga majiyoyi dabam-dabam. Mawallafin ya wuce nan, ya ce manufar ba ta tsaya ga gano wanda ya yi ƙarya ba. Ana neman mutane masu matsayi dabam game da batu guda, manomi da makiyayi, uwargida da amarya, malamin makarantar dare da ɗalibin da ya daina zuwa, domin saɓaninsu shi kansa abin nazari ne. Da wannan ya haɗa gargaɗi game da wani haɗari da ya ƙirƙira wa suna cikin Faransanci, watau mai bincike ya faɗa hannun ɓangare ɗaya na gari ba da saninsa ba. A ƙasar Hausa wannan gargaɗi ba ya bukatar dogon bayani. Baƙo a gidan mai gari yake sauka, mai gari ke ba shi ɗan rakiya, ɗan rakiya ke zaɓen ƙofar da za a yi sallama. In garin yana da rikicin sarauta, kuma ƙauyuka da yawa suna da shi, to kafin baƙon ya buɗe kundinsa rabin gari ya riga ya san na wane ne shi.

Sharaɗi na biyu shi ne wanda ke faɗa wa mai bincike lokacin da zai tsaya. Masu binciken ƙidaya suna yanke yawan mutanen da za su tambaya tun kafin su fita. Mai binciken zurfafawa ba shi da wannan adadi, sai ya yi ta hira har ya kai matsayin da sabuwar hira ba ta ƙara masa kome, abin da na ashirin ya faɗa shi na talatin ke maimaitawa. Wannan ra'ayi daga Barney Glaser da Anselm Strauss ya fito, cikin littafinsu na 1967, kuma kalmar Hausa da ta fi dacewa da shi ita ce ƙoshi. A nan ne wannan sharhi zai daɗe, domin a nan ne mai aiki cikin Hausa zai fi saurin yaudarar kansa alhali yana ganin ya bi ƙa'ida.

Ƙoshi ya ginu ne a kan zaton cewa maimaituwar amsa alama ce ta an kai ƙarshen abin da ke akwai. Amma amsa tana maimaituwa saboda dalili biyu: ko don abin haka yake, ko don haka ake faɗa wa baƙo. Mutum ɗari in aka tambaye su kwanan gida za su ce lafiya lau, har wanda ya kwana bai runtsa ba a kan majinyaci, kuma babu mai jin Hausa da zai ɗauki wannan a matsayin rahoton lafiyar gari. Matsalar ita ce irin wannan amsa ba ta ƙare a gaisuwa. A ɗauki misalin ma'aikacin da aka aika ya gano abin da ya sa mata ke barin ajin yaƙi da jahilci bayan ƴan makonni. Ta farko za ta ce aiki ne ya yi yawa, ta biyu ta ce daka da ɗiban ruwa, ta goma ma haka. A bisa ƙa'ida ya ƙoshi, sai ya koma Yamai ya rubuta cewa a gina injin niƙa. Aiki kuwa lalle yana da yawa, ba ƙarya suka yi ba. Sai dai ita ce amsar da ba ta taɓa mutuncin kowa. Wadda mijinta ya hana ta ba za ta tona shi gaban baƙo ba; wadda ke jin nauyin ta yi kuskure a allo gaban kishiyarta, ko gaban matar ɗanta, ba za ta ce haka ba; wadda ta ga malamin yaro ne sa'an ɗanta na fari, ita ma aiki za ta ce. Abin da ma'aikacin ya ƙoshi da shi kunya ce, kuma kunya ba ta da wuyar ƙosarwa, don bakinta ɗaya ne a ko'ina.

Adalci ya wajabta a ce Olivier de Sardan bai jahilci wannan ba. Ya haɗa ƙoshi da sharaɗin bambanta majiyoyi, ya kuma nace a kan a gwama abin da aka ji da abin da aka gani. Aikin da ya jagoranta tare da Yannick Jaffré a kan gidajen likita na manyan birane biyar, Abijan da Bamako da Konakiri da Dakar da Yamai, wanda ya fito a 2003, ƙarfinsa duka daga nan yake: ma'aikatan lafiya sun faɗi ƙa'idar aikinsu, masu bincike kuma suka zauna a ɗakunan jira suka ga abin da ake yi. Daga irin wannan ne ya gina bambancin da ya shahara da shi tsakanin ƙa'idar da ke rubuce da ƙa'idar da ake bi a aikace. Amma maganin da ya bayar na masanin zaman jama'a ne: sauya mutum, sauya matsayi, duba aiki. Akwai wani magani da ya rage, na masanin harshe, shi ne sauya yanayin magana. Mace guda, batu guda, amsarta a zaure gaban mai gida dabam take da amsarta a tsakar gida wajen sussuka, dabam kuma da abin da za ta saka cikin waƙar daka ko ta jefa cikin habaici. Hausa ta ware wa kowace irin gaskiya wurin faɗarta. Abokan wasa, kamar taubasai ko jika da kaka, suna faɗa wa juna cikin raha abin da ba ya faɗuwa a wani bakin. Mai binciken da ya yi hira talatin, dukansu a zaure, da rana, ta bakin namiji, hira ɗaya ya yi sau talatin.

Haka nan akwai kalmomin da ke kama da amsa alhali ba amsa ba ne. “To” tana iya zama yarda, tana iya zama an ji, tana iya zama a bar maganar. “In Allah ya yarda” wani lokaci alkawari ce, wani lokaci kuma ita ce hanyar ƙi mafi ladabi. Sautin murya da tsawon shirun da ya gabace su ne ke rarrabewa, kuma waɗannan su ne abin da ke fara ɓacewa in an kwashe magana daga faifai zuwa takarda. Uwa da yawa ba ta ambaton sunan ɗanta na fari, wata ma tsallake shi take yi in ana lissafin ƴaƴa. Mace ba ta kiran sunan mijinta. Takardar ƙidaya ba ta da gurbin waɗannan, wannan an sani. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne hirar zurfafawa ma tana iya wuce su, in mai yin ta ya ɗauka cewa sakin tambaya kawai ya isa ya saki harshe.

Babin da zai fi jan hankalin masu nazarin harshe shi ne wanda ya yi magana a kan ganin ɗan gida da ganin na waje, domin daga fanninsu aka aro ra'ayin. Kenneth Pike ne ya ƙirƙiro kalmomin biyu a 1954, ya yanko su daga sunayen ilimin furuci da ilimin tsarin sauti. Misalinsa cikin Hausa a fili yake. Na'ura za ta nuna cewa baƙin farko na “faɗi” a bakin Bakano da na “hwaɗi” a bakin Ba'adare sauti biyu ne, amma ga masu harshen kalma ɗaya ce. A ɗaya gefen kuma, baƙon da kunnensa bai saba ba zai ji “gari” na zama da “gari” na tuwo kamar abu guda, alhali tsawon wasali ya raba su, kuma ko yaro ba ya haɗa su. Haka al'amuran zaman jama'a suke: akwai bambancin da na waje ke gani wanda ba shi da nauyi ga ƴan gida, akwai wanda ƴan gida ke rayuwa a kansa na waje bai ko lura ba. Mawallafin ya yi kyakkyawan aiki wajen warware ma'anonin da suka cakuɗe cikin wannan kalma, ya bambanta abin da mutane suka furta da abin da za su iya furtawa in an tambaye su, da kuma abin da mai bincike ke zaton yana ƙarƙashin maganarsu. Ya nuna cewa yayin da ake nisa daga na farko, hujja tana raguwa.

Amfanin wannan ga masu tsara yaƙi da jahilci ba kaɗan ba ne, kuma kalmar “karatu” ta isa misali. Mutumin da ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta wasiƙa da ajami, yana riƙe lissafin bashinsa da shi, in ma'aikacin gwamnati ya tambaye shi ko ya yi karatu, yana iya cewa bai yi ba, don ya gane lakol ake nufi. Wani kuma zai ce ya yi, ma'aikacin ya rubuta shi cikin masu boko. Kowanne aka bi, alƙaluman sun karkace, kuma tun da aka kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci a Nijar a 1963 wannan tambaya take bin ta. Haka “gida”, wanda takardun bincike ke fassarawa da kalmar Faransanci mai nufin miji da mata da ƴaƴansu, alhali gida guda yana iya ƙunsar tukwane da yawa. Haka “gandu” da “gamana”, waɗanda Claude Raynaut ya nazarta a yankin Maraɗi, Polly Hill kuma ta bi zancen gandu a Batagarawa cikin littafinta na 1972. “Biki” ma haka: wanda ya fassara shi da shagali kawai ya zubar da rabin ma'anar, domin a bakin mata biki har da gudummawar da ake kaiwa ana kuma jiran a rama, abin da Guy Nicolas ya yi dogon nazari a kansa a Maraɗi, Barbara Cooper kuma ta koma kansa a 1997. Akwai ma kalmomi masu ƙaya, irin su “Azna” ko “Anna” da ke cikin ayyukan Nicolas da na Nicole Echard a kan Adar: a wani bakin suna nufin masu ƙasa na asali da ke riƙe da al'adun gargajiya, a wani bakin zagi ne, kuma mai bincike bai isa ya yi amfani da su ba sai ya faɗi bakin wa ya ɗauko.

Tun kafin a tsara waɗannan ƙa'idoji akwai aikin da ya cika yawancinsu, kuma cikin Hausa aka yi shi. Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, a ƙasar Zazzau, Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa, Baba, tana rubuta labarin rayuwarta da hannu, cikin Hausa, yayin da mijinta M. G. Smith ke nasa binciken wajen maza. Littafin ya fito cikin Ingilishi a 1954 da sunan Baba of Karo, bayan rasuwar Baba a 1951. A ma'aunin baki ɗaya, aikin yana da rauni, tun da mace guda ce ke magana. Abin da ya tallafe shi shi ne an gwada maganarta da abin da mijin ya tattara ta wasu hanyoyi. Amma abin da ya sa har yau ake komawa gare shi game da aure da saki da ƙawance da kishi shi ne yanayin maganar: mace ce ke faɗa wa mace, cikin gida, kwana da kwanaki, bayan sabo ya shiga, kuma mai maganar ta kai shekarun da kunya ke sassauta wa mutum. Da M. G. Smith ne ya yi wa Baba waɗannan tambayoyi a zaure, da wani littafin aka samu, mai yiwuwa gajere ƙwarai.

Wani wurin da littafin Olivier de Sardan ke bukatar ƙari daga masu harshe shi ne kwashe magana zuwa rubutu. Alkawarin da ya ce yana tsakanin mai bincike da mai karatu, cewa maganar da aka kawo an faɗe ta, yana ratsa hannu biyu ko uku kafin ya isa shafi. Mai kwashewa da ya koyi daidaitacciyar Hausa yakan gyara ba da niyya ba: ya ji “munka tahi” ya rubuta “muka tafi”, ya ji “shina” ya rubuta “yana”. Ga masanin zaman jama'a wannan ƙaramin abu ne. Ga mai shirya littafin koyon karatu domin Tawa ko Gobir kuwa, abin da aka share shi ne ainihin abin da yake nema, tun da tazarar da ke tsakanin Hausar littafi da Hausar bakin ɗalibi tana cikin abubuwan da ke sa karatu ya yi nauyi ko ya yi sauƙi. Bayan haka sai fassara zuwa Faransanci, inda karin magana ke komawa bayani, habaici ya koma magana miƙaƙƙiya. Cibiyoyin Yamai irin su CELHTO da IRSH sun daɗe da al'adar buga matani cikin harshen asali tare da fassararsa a gefe, kuma wannan al'ada ita ce ke ba mai karatu damar ya binciki mai bincike. Ya kamata a ɗauke ta a matsayin sharaɗi na tsantseni daidai da sauran, ko da za ta ninka yawan shafuka.

Babin da ya yi magana a kan wuce gona da iri wajen fassara bayanai shi ne mafi daɗin karantawa, kuma mafi zafi. Mawallafin ya lissafa hanyoyi biyar da masana ke matsa wa bayanai su faɗi abin da ba su faɗa ba: mayar da kome ga dalili guda, son a ga kome ya dace da kome, ɗora wa kalma ma'anar da masu ita ba su sani ba, yanke hukunci a kan al'umma daga misali kaɗan, da da'awar gano ɓoyayyar ma'ana. Ta huɗu ita ce cutar rahotanni masu farawa da “Bahaushe yana ganin”, bayan an yi hira a ƙauye biyu. Sai dai a lura, gargaɗi na biyar yana iya zama kamar ya ci karo da abin da aka faɗa a sama game da kunya, tun da shi ma neman abin da ke bayan magana ne. Bambancin shi ne, abin da kunya ta rufe ba a ɓoye yake ga masu shi ba. Matar ta san dalilinta sarai, maƙwabtanta ma sun sani, kuma za a ji shi da kunne in an je inda ake faɗarsa. Ba a bukatar mai bincike ya yi duba, tafiya kawai zai ƙara, daga zaure zuwa bakin rijiya.

Saura batun lokaci, wanda shi ne ƙorafin da masu tsara ayyuka za su fara yi, kuma suna da hujja. Binciken da littafin ke kwatantawa na watanni ne, wani lokaci shekaru, ma'aikata kuwa ana ba ta makonni ta kawo rahoto. Dabarun gaggawa da ƙungiyoyin agaji suka yaɗa cikin shekarun 1990, inda ake tara gari a gindin itace a yi taswira da tsakuwa cikin kwana kaɗan, mawallafin ya daɗe yana sukarsu, kuma dalilin a bayyane yake: taron gari shi ne wurin da amsar baƙo ta fi ƙarfi, babu mai saɓa wa mai gari a gaban jama'a. Shi da Thomas Bierschenk sun gabatar da wata hanya a 1994, mai suna ECRIS, inda ƙungiyar masu bincike ke shiga gari tare na ƴan kwanaki, su rarrabu bisa rukunin mutanen da batun ya shafa, su haɗu kowane dare su gwada abin da suka ji, suna neman wuraren saɓani da gangan. Amma su da kansu sun ce wannan share fage ne, dogon bincike na mutum guda yana biyo baya. Wanda ya ɗauki kwanakin farko ya bar watannin baya bai bi hanyar ba.

Littafin ba mai sauƙin karantawa ba ne. Faransancinsa na jami'a ne, muhawararsa da masanan Turai da Amurka tana da tsawo, kuma ma'aikacin da ke Madawa ko Mirya zai iya tsallake kusan rabinsa ba tare da ya yi hasara ba. Babin dabarun aikin fili da na wuce gona da iri su ne ya kamata a fara juyawa cikin Hausa, da misalai na ƙasar Hausa a madadin na mawallafin. Bukatar ta ƙaru tun watan Maris na 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, domin duk shawarar da za a yanke game da koyarwa cikin harsunan gida, aikin da aka fara gwadawa a Damagaram tun 1973, za ta dogara ne a kan abin da aka ce iyaye da malamai da ɗalibai suna so. Mai juyawar zai tarar da aiki tun daga kalmar farko, don “hira” a Hausa ta dare ce tsakanin waɗanda suka saba, “tambaya” kuma tana da ƙanshin alƙali da ɗan sanda, kuma sai ya zaɓi wadda ma'aikaci zai faɗa in ya yi sallama a ƙofar gida aka ce masa me ke tafe da shi.